Sai An Gwada Bututun

"Korarsa aka yi! Wallahi korarsa aka yi daga jirgin ruwan!"

Batul 'yar kawuna ce ta kwarmata haka a tsakar gidanmu na Jekadafari, ana gab da sa ranata da Suhaib. Ta daɗe tana sonsa, shi kuwa ko kallo ba ta ishe shi ba.

Baba ya ce a kira shi.

"In ha'inci ya yi, babu aure."

Na laɓe bayan labulen zaure...

Suhaib ya durƙusa ya gaishe shi. Injiniyan nawa! Ko gezau.

"Gaskiya ne Baba, an sallame ni."

"Me ka yi?"

"Sababbin bututun mai aka yi wa walda a ɗakin inji. Ƙa'ida ita ce a cika su da ruwa, a matsa musu ƙarfin da ya fi na aikinsu da rabi, a zuba wa allurar awo ido. In ta sauka, akwai yoyo. Mai jirgin yana sauri, ya ce a tashi haka. Na ce sai an gwada."

"A kan ɗan yoyo ka bar aikinka?"

"Baba, man da zafinsa yake gudu. In ya fesa kan inji wuta ce, kuma a tsakiyar teku babu wajen tsira."

Kafin rikici ya koro mu daga Baga, fataucin kifi Baba yake yi a tafkin Chadi.

"Na taɓa ganin kwale-kwale na ci da wuta a kan ruwa," ya ce a hankali. "Ƙanena yana ciki... To, bututun naka, an samu yoyon?"

Na runtse ido. Ka ce eh mana, masoyi!

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila lafiyarsu ƙalau."

Wayyo ni Hamida! Wannan bawan Allah ko ƙaryar ceton kai bai iya ba. Amma wallahi a lokacin na ji son shi ya ninku a raina.

Baba ya share idonsa da hannun riga.

"Da a ce irinka ne ya duba kwale-kwalen nan... Tashi ɗana, ka turo manyanka ranar Juma'a."

Ban san sanda na saki guɗa daga bayan labule ba.

"Hamida!" Baba ya daka tsawa. "Amarya ce ke yi wa kanta guɗa?"