Hular da Na Warware Sau Bakwai

"Sakina, wai zaren ga ba ya ƙarewa ne?"

Ban ɗago kai ba. Mijina Muttaka na tsaye a bakin ɗaki, ko gumin gona bai bushe masa ba.

"Wata uku ke nan da na sayo miki shuɗin ulun ga a kasuwar Cadakori. Kullum saƙa, kullum saƙa, har yau ban ga abin da kika saƙa ba!"

"Koyo nike."

"Koyon mi? Baturiya da bakinta ta ce kin fi ta hannu!"

Baturiya maƙwabciyarmu ce. Ita ta koya min riƙon kibiyar saƙa bayan ɓarina na biyu, don in daina zama ina kallon bango. Farkon abin da na saƙa kuwa, ko kaza ba za ta yarda ta kwanta a kai ba, nan rami, can ƙulli. A hankali hannuna ya faɗa.

Abin da Muttaka bai sani ba, hula nake saƙawa, 'yar ƙarama. A gidanmu kuwa ba a yi wa ɗan da ke ciki tanadin komai sai ya faɗo. Lokacin cikina na fari na sayi 'yar riga, cikin ya zube. Surukata Gwaggo ta dubi rigar ta ce, "Kin yi gaggawa." Shekara huɗu maganar nan tana cina.

Shi ya sa in na gama hular sai in ɗora ta a dunƙulen hannuna, in kalle ta son raina, in warware kafin kowa ya gani. Sau bakwai ke nan. Zaren duk ya yamutse, ya gaji kamar mai shi.

Ranar dai ban yi saurin ɓoyewa ba. Muttaka ya miƙa hannu ya zaro ta daga ƙarƙashin zanena.

"Wannan ai ta jinjiri ce... Sakina?"

Na kau da kai gefe.

"Sakinata, dube ni don Allah!"

"Wata huɗu," na ce. "Tsoro nike ji. Ba ni ta in warware."

"Wallahi ba ki warware ta!"

"Gwaggo fa? In wani abu ya faru, ni za a ce na jawo. Na gaji, maigida... na gaji da kuka, na gaji da ɓoyo, har murnar ma ta gajiyar da ni."

Ya durƙusa gabana. Yana sona, na sani, amma bai taɓa musa wa mahaifiyarsa ba.

Ashe Gwaggo na jikin zana tana ɓarar wake, duk ta ji. Sai ganin inuwarta muka yi a ƙofa.

"Miƙo nan."

"Gwaggo, ni na sa ta..."

"Kai, yi min shiru! Yaushe ka iya ƙarya?"

Ta karɓi hular tana jujjuyawa. Na sunkuyar da kai ina jiran kalmar nan ta sake faɗo min.

"Huɗu na rasa kafin wanga," ta ce a hankali, tana nuna Muttaka da haɓa. "Ko tsumma ban taɓa tanadar musu ba, kuma duk suka tafi. Abin da na faɗa miki ran nan, ɗiyata, zafin zuciya ne. Ba ke kika yi ba."

Kuka ya ƙwace min, irin wanda na daɗe ina haɗiyewa.

Gwaggo ta share ido da bakin mayafi, ta zura yatsu cikin hular ta buɗa, ta taɓe baki.

"Amma fa sai kin warware ta."

Na ɗago kai na dube ta.

"Ta yi ƙanƙanta! Ɗiyan gidan ga manyan kai gare su. Ke ba ki ga na ubanshi ba?"

Muttaka ya shafa kansa, dariya da hawaye suka haɗe masa.

Karo na takwas a tsakar gida na warware ta, rana tsaka, ina ja, Gwaggo na naɗe zaren a hannunta.