Aljanar da Ke Jiran Jif ɗin Shitu

Rana ta yi ja, ta zame bayan rumbunan gidan Shitu direba a Gummi, awaki sun shigo suna tunkuɗar juna, matarsa Marka tana tuƙa tuwo. Shitu kuwa, kamar jiya da shekaranjiya, rabin jikinsa na cikin bakin motarsa, ƙafafunsa kawai ake gani. Shekarar da aka canza launin kuɗi ce. Motar tsohuwar jif ce mai shan gas, ta girme wasu daga cikin fasinjojinta, da ita yake jigilar 'yan kasuwa zuwa Bukkuyum ta hanyoyin da jaki ma sai ya yi shawara kafin ya bi.

Tun ƙarshen damina ta dawo daga Bukkuyum tana ɗingishi. In an tayar da ita sai ta hau karkarwa kamar mai masassara, tana zubar da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, ɗan tudun ƙofar gida ma sai an tura ta. Shitu ya canza filtar da ke tace gas. Ya sauke tanki ya wanke. Ya zagi mai sayar da gas har kakansa, ya sake canza filta. Kanikawa kuwa ya ce babu wanda zai taɓa masa mota, shi ya san halinta.

A yammacin nan, yana miƙa hannu zai sake kwance filtar, sai wani ya ja tsaki daga kujerar baya. Dogon tsaki, irin na wanda haƙurinsa ya ƙare. Shitu ya ɗago ya leƙa. Babu kowa sai tsohon buhu.

Sai tsakuwa ta faɗo a kan injin, ƙwal. Awaki suka yi tsit. Wata tsakuwar ta biyo baya, ta sauka daidai inda ta farkon ta sauka. Marka ta tsaya da muciya a hannu, tuwo na tafasa ba mai kula shi, hayaƙin murhu ya miƙe sama ba iskar da ta kaɗa shi.

"Maigida, wa ka jihwa?" ta tambaya a hankali.

"Yara na," in ji Shitu. Amma bai fita neman yaran ba.

Haka aka yi ta yi kowace magariba. Da ya buɗe bonet sai tsaki, sai tsakuwa. Maƙwabta suka daina aiko yara neman wuta. Shitu ya fi jin zafin tsakin, domin jifa tsoro yake ba shi, tsakin kuwa raini ne.

Ran nan da almuru 'yarsa Zinariya ta ɗauko ruwan alwala za ta aje masa, ta zo daidai motar sai butar ta suɓuce. Ta zauna daɓas a ƙasa, idanunta suka juye. Ta daina ci, ta daina magana, sai dai ta rungume hannuwa a ƙirji tana jijjiga kamar mai lallashin jinjiri. Kwana da kwanaki tana ramewa, Marka na kuka a gefenta. Ga shi Zinariya 'yar fari ce, Shitu bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa kallon ƙwayar idonta ba, sai dai ya tsaya daga zaure ya ce, "Yarinyar nan fa?"

Aka aika Anka aka ɗauko Malam Surajo, tsoho mai sanyin murya wanda aljanun yankin suka san takunsa. Ya iso ana gab da magariba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da motar, aka zaunar da yarinyar, ya zuba turare a kasko, ya riƙe ɗan yatsanta ya fara karatu. Gidan ya yi nauyi. Inuwar rumbu ta miƙe har ta taɓa tabarmar. Can sai Zinariya ta buɗe baki, muryar wata babbar mace ta fito, a gajiye.

"Malam, sassauta. Ba hwaɗa ya kawo ni ba."

"Wace ce ke? Mi kika so ga ɗiyar mutane?"

"Hure ni ke, ta gindin kanya, mashayar Bukkuyum. Ina kwance bisa buhu da jinjirina, wanga bawan Allah ya kwashe mu ya loda a mota. Na hwarka na gan ni Gummi. Nic ce to, motar da ta kawo ni ta maishe ni. Ina zaune kujerar baya tun ana yankan gero, ina kallon mutum ɗaya shina wanke tanki."

Shitu ya gyara tsayuwa, fuskarsa na kallon katanga. "Malam, ce mata ta tahi da ƙahwa."

"Ina jin shi, ba kurma ba ce ni," in ji muryar. "Da goyo? In bi ta dajin mutanen da ba mu ga maciji da su? Tsakuwar da nika jihwa, ina take sabka? Bisa nozul na ukku, mai hesa ma inji gas! Ko makaho da ya lalubo."

"Malam, ce mata iska ta a cikin layin mai."

"Iska ni ce, kuma ba ni cikin layin mai."

Malam Surajo ya yi gyaran murya, ya ce shi dai yarinya ya zo ceto, ba mota ba, ta fita ko ya ƙara karatu. Hure ta ce ya ƙara, za ta ƙone, yarinya ta sha wuya, mota kuma tana nan inda take. Abu ɗaya take so: direba ya tayar da inji, ya yi abin da ta ce, ya kuma amsa mata da bakinsa, ta gaji da magana da ƙeyar mutum.

Nan Shitu ya cije. A ce 'yar fari, a gaban baƙo, tana ba shi umarni a kan motarsa, yana amsawa? Marka ta aje mayafin kunya gefe.

"Maigida, dubi wuyan ɗiyarka yadda ya koma. In ba ka juyowa, ba ni sifanar in kwance notin da kaina."

Ya juyo. Ya kalli yarinyar, ya ga ƙasusuwan da suka fito. Ya tayar da mota, ta hau karkarwarta.

"Sassauta notin bututun nozul na hwari. Kaɗan. Mi ka ji?" in ji Hure.

Gas ya fara tsartuwa, injin ya ƙara sagewa kamar zai mutu. "Ta rage," in ji Shitu, murya ƙasa-ƙasa.

"To wannan shina aiki, tunda an ji rashinai. Ɗaure. Na biyu."

Na biyu ma haka. Da ya sassauta na uku, gas ya fito, amma injin ko a jikinsa, karkarwar ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Shitu ya ɗaure ya sake sassautawa, wai ko za ta canza ra'ayi. Ba ta canza ba. Na huɗu ya amsa kamar na farko.

"Hidda na ukkun, haɗa shi da bututu a waje, kau da hannunka, murza."

Aka murza. Inda ya kamata nozul ya yi feshi mai laushi kamar raɓa, sai ga shi yana ɗiga kamar hancin mai mura.

"A ina kika koyi wannan?" in ji Shitu, ya manta da Malam gaba ɗaya.

"Motoci nawa sunka mutu a mashaya ina kallo ana tashe su? Sa sabo mu tahi."

"Sai Gusau aka samun shi."

Hure ta yi wani nishi da ya sa awaki suka ruga bayan rumbu. Malam Surajo ya ga ƙofa ta buɗe, ya shiga ciniki. Za ta saki yarinya yanzu-yanzu, ta koma kujerar baya ta jira, babu jifa. Shi kuma Shitu zai kama hanyar Gusau da sassafe, ba zai sake tayar da inji jinjiri na barci ba. Hure ta yarda, ta ƙara da cewa in ya kuma taɓa filta za ta dawo, kuma wannan karon Marka za ta shiga. Shitu ya yi rantsuwa tun ba a nema ba.

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, bayan motar ya ɗan lotsa ƙasa. Zinariya ta buɗe ido ta ga ubanta tsugune a gabanta, hannu duk baƙin mai, yana kallonta. Ta ja gyale ta rufe fuska.

"Inna, yunwa nika ji."

Da nozul ya iso, jif ta tashi lafiya lau, muryarta ta daidaita. Shitu ya kama hanyar Bukkuyum shi kaɗai, mutane a bakin hanya suna ɗaga hannu, suna ganin mota fayau, yana leƙowa yana cewa, "Ba wuri! Shata ce!" A mashaya ya buɗe ƙofar baya ya ja gefe, har sai da motar ta ɗago, sannan ya ce a sauka lafiya.

Har ya bar tuƙi, duk inda ya loda kaya a gindin itace, ba ya murza makulli sai ya bubbuga jikin motar ya ɗaga murya: "Mai barci ya tashi, mai sabka ya sabka! Gummi za mu, kuma ba lalle mu dawo ba!"