Mai Shan Ɗumin Shuɗiyar Fitila

Kai Nafi'u, ɗauke tocilan ɗin nan daga idon ƙanwarka, ko in ci ƙaniyarka. Ku matso. Ku rage murya. Yau za ku ji abin da ya sami Gwaggo Ladidi, ƙanwar babanku.

Lokacin tana shara da yamma a wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Da rana kuma ɗinkin hula take yi. Idonta shi ne jarinta, da shi take ci da marayunta.

A ɗakin tiyata akwai wata fitila. Doguwa ce, haskenta shuɗi. Ba don gani ake kunna ta ba. In an wanke ɗaki, sai kowa ya fita, a kulle, a kunna ta daga waje, ta kashe ƙwayoyin cuta. Ba ta da zafi ko kaɗan, nan muguntarta take. Tana ƙona ido da fata, mutum bai sani ba sai can daga baya. Doka ɗaya ce: kashe kafin ka buɗe.

Ran nan da magariba nas ta tafi salla. Gwaggo ta goge ɗakin, ta kulle, ta kunna, ta ƙulle makullin a haɓar zaninta.

Sai ta ji sallama. Daga ciki.

Ta amsa. Wa zai ƙi amsa sallama?

"Ladi," in ji muryar. "Zo ki tashe ni, 'yata. Gwiwa ta ƙi."

Muryar tsohuwa ce. Gwaggo ta shafa haɓar zani. Makulli na nan. Sai ta ce a ranta ƙila wata mai jinya ce ta shige ba ta lura ba. Ta kai hannu za ta kashe fitilar.

"Kar ki kashe mini wuta. Ɗumi nake sha."

Kun san Gwaggo. Ba ta iya musu da babba ba. Wallahi abin nan har yau yana ba ni haushi! Ta janye hannu, ta buɗe, ta shiga.

Tsohuwa na zaune a ƙasa, ta miƙa tafukanta wajen fitilar kamar mai jin ɗumin murhu. Gwaggo ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, yadda aka koya mata.

"Ina wuni, Iya?"

"Lafiya lau."

Daga bayanta amsar ta fito. Tsohuwa kuwa na gabanta.

Siminti bai bushe ba. Gwaggo ta duba. Sawunta ne kaɗai a kai. Ta dubi ƙafafun tsohuwa. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon bango.

Saudatu, sakar mini hannu, za ki karya ni.

"Ɗago ki ga wutata," in ji tsohuwa.

"Iya, an hana."

"Ni na ce ki ɗago."

Gwaggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Amma mayafin ya zame ta hagu. Ido ɗaya ya ɗaga. Ya ga fitilar, ya ga fuskar. Ba ta taɓa faɗa wa kowa yadda fuskar take ba.

Ta ja da baya da rarrafe, tana karanta Ayatul Kursiyyu. Tana kaiwa waje ta mari makunnin. Duhu. Nas ta dawo, suka haska ɗakin. Ba kowa.

Gwaggo ta koma gida garau, har tuwo ta ci. Can cikin barci ta farka da ihu. Idanu kamar an zuba yashi da barkono, hawaye ba tsayawa. Likita ya ce ƙunar fitila ce, ya yi mata faɗa sosai, ya ce za su warke.

Na dama ya warke. Na hagu ma likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Amma tun daga ranar bai sake ganin kafar allura ba. Hular da ta fara tana nan a ƙasan akwatinta, rabi.

Don haka in kun ga shuɗin haske ta ƙasan ƙofa, ku wuce. Ko muryar Innarku kuka ji tana kiranku, a kashe tukuna, kuma kada ku shiga ku kaɗai.

Kun lura in kuka je gaishe da Gwaggo, takan rufe idon hagu da tafi? Kun zaci ciwo yake mata. Ni na tambaye ta. Ta ce da na dama ku take gani. Da na hagu kuma, waɗanda suka rako ku.

Nafi'u, je ka rufe ƙofar zaure.

Ka ce me? To, mu je tare.