Gefen Idon Hagu

"Kar ki ƙifta!" in ji likita.

Telar ta ƙanƙame hannun kujera. An ɗiga mata magani, an kwantar da wata waya siririya kamar gashi a fatar idonta ta ƙasa, an bar ta cikin duhu har ta gaji. Sai haske ya walƙa. Idon dama ya gani. Na hagu ko alama.

Haka yake tun safiyar da gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da bayan idon. Kamar an kashe fitila.

Likita ya juyo mata da allon na'ura.

"Kin ga layin nan? Amsar da idon ya ba hasken ke nan. Ya faɗi, amma ya ɗan taso. Tsakiyar gani ta tafi, ba zan ɓoye miki ba. Gefe kuwa yana iya dawowa."

Ba ta gaya wa kowa ba. So take ta yi wa direban da aka sa musu rana albishir in ya tabbata.

Uwarsa tuni ta fara ƙorafi.

"Mai ido ɗaya? Wadda aka jona wa lantarki? Ba a gidana ba!"

"Ko makauniya ce ina so, Inna," yake cewa. Da maganar ta iso kunnenta har kukan daɗi ta yi.

Gefen ya dawo a hankali. Inuwa tukuna, sannan motsi, sannan siffar mutum.

Ran nan direban ya zo shago. Tana kan keke tana ɗinka rigar angoncinsa, 'yar goggonta na guga. Ya wuce ya zauna ta hagu. Tun da ciwon ya same ta, can yake zama.

"Sahibata, yaya idon?"

"Da sauƙi."

"Wallahi ko barci ba na yi... sai tunaninki."

Bakinsa na faɗa, hannunsa na cikin na 'yar goggon. Ita kuma 'yar goggon ta runtse ido ɗaya, tana lalube a iska da ɗaya hannun kamar makauniya. Kafaɗunsa na rawa don dariya.



Telar ta tsayar da keken. Ba ta ko juyo ba.

"Sakar mata hannu, guga take yi."



"Wa... wane hannu, rabin raina?"

"Wanda kake murzawa tun shigowarka."

'Yar goggon ta dafe ƙirji.

"Yaya! Dama kina gani?"

"Ashe yaudarata kike yi!" in ji shi. "Ina ta tausayinki!"

Ta dube shi. Mutumin nan ne ta so. Tir!

Ta yanke zare, ta zaro rigar daga ƙarƙashin allura, ta jefa masa a cinya.

"Saura hannu ɗaya. Ta ƙarasa maka."

"Haba masoyiyata, ki saurare ni..."

"Ku bi ta dama," ta ce. "Ina so in ga fitarku sosai."