Ramin Bayan Randa

"Wallahi Gwaggo, sai na toshe shi."

"To ki haɗa da ni ki toshe. Ramin nan an haife ni na tarar da shi, Inna ma tararwa ta yi, babu wadda ta taɓa sa masa hannu."

"Ita Inna ba a ba ta kwana bakwai ba."

Gwaggo Marka ta yi tsaki, ta ja tabarmarta gefe. Ƙanwar uban maigidan ce, a gidan aka haife ta, a gidan kuma ta dawo ta tsufa. Furera ba ta ƙara bi ta kanta ba, ta koma cikin madafi ta durƙusa.

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ne masaƙar da Badamasi, mijin Furera, yake aiki a Kano ta sallame su. Ya tafi ci-rani, ya bar gidan nan na Kabo yana ci daga tandar wainar matarsa. Ana cikin haka duba-gari ya shigo madafinta. Ya ɗaga kai ya ga kunkunniya tana reto daga rufi, ya sunkuyar ya ga rami a bayan randa. Ya ce nan da kwana bakwai zai dawo, in ya tarar da madafin haka, ita da sayar da waina sai dai labari.

Siminti ya fi ƙarfinta, fenti kuma ko tambayar kuɗinsa ba ta yi ba. Ta kankare kunkunniyar da tsintsiyar kwakwa, ta jiƙa farar ƙasa ta shafe bango har sau biyu. Tsohon ƙyauren zaure ta ɗora a kan bulo ya zama kanta, ta jera gwangwanayen madara a kai, wannan na gishiri, wancan na kanwa. Ta kawar da duwatsun murhu uku na kaka da kakanni, ta gina murhun laka wanda ba ya cin itace. Saura daɓe.

Rana ta uku, rana tana gab da faɗuwa, ta cika ramin da tsakuwa da jar ƙasa, ta yayyafa ruwan makuba, ta ɗauki madaɓi. Furera mace ce da ko allura ba ta ɗauka sai da bisimilla, don haka duk bugu ɗaya bisimilla ɗaya, har wurin ya yi sumul.

Tana miƙewa aka kira magariba. Kaji suka ƙi shiga akurki, suka tsaya cirko-cirko suna kallon ƙofar madafin. Sai wata tsakuwa ta faɗo a kan kwanon rufi, ta gangara a hankali, kamar mai neman hanya. Wata ta biyo ta. Ta uku a cikin randa ta faɗa, alhali randar a rufe take.

Carbin Gwaggo ya ƙara sauri.

Washegari ƙullun waina ya ƙi tashi. Da magariba ta sake yi, suka ji wani siririn kuka daga ƙarƙashin daɓen, irin na 'yan kyanwa da aka kife da ƙwarya.

Zulaiha, 'yar Furera ta fari, ita ta shiga ɗebo ruwa a lokacin. Shekarunta goma sha shida, kuma duk unguwar an san ta da kwaikwayo. Ko kwana biyu ba a yi ba da ta soka biro a kunne, ta tura ciki gaba kamar duba-gari, tana cewa, "Hajiya, wannan madafi ne ko makwancin ɓeraye?" har Gwaggo ta ƙware don dariya. Shi ya sa da ta fito ba moɗa a hannunta, ta ranƙwafa, ta ce da muryar tsohuwa, "Wace marar mutunci ce ta rufe mini ƙofa?" sai uwar ta zaci Gwaggo take kwaikwayo. Ta kai mata muciya a gadon baya.

Yarinyar ba ta ko motsa ba. Ta juyo da idanu farare fat, ta koma ciki ta kwanta a kan sabon daɓen, ta manna kunnenta a inda ramin yake, ta shiga tonon wurin da farce.

Kwana biyu tana nan. Ba ta ci ba, ba ta sha ba. Mata huɗu suka taru su ɗaga ta, suka kasa. Faratanta suka kakkarye, jini ya ɓata daɓen, amma ko ƙwarzane bai yi ba. Furera tana zaune a bakin ƙofa da kokon kunu yana hucewa a hannunta, tana cewa, "Ke, ki sha ko kurɓi ɗaya. Ke." Kunyar 'yar fari ba ta taɓa barinta ta kama sunan yarinyar ba.

Rana ta shida Gwaggo ta yafa mayafi, ta hau motar Durun da ƙafarta mai ciwo. Ta dawo bayan la'asar da Malam Uwaisu, wani siririn dattijo mai sanyin murya da ya yi suna wajen ruƙiya. Ya zauna a kan buzunsa a ƙofar madafin ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, inuwar katanga tana tsawo, har ta rufe tsakar gidan. Sai yarinyar ta yi wata ƙara da ta sa gwangwanayen kan kantar suka zube.

"Ya isa, Malam, ya isa! Ƙona ni za ka yi a kan gaskiyata?"

"Wace ce ke?"

"Mai gidan nan. Ni na ga ranar da aka yanke wa waccan mai carbin cibiya."

"Musulma ce ke?"

"Tun kafin kakanka ya iya alwala."

"To me ya sa kike zaluntar baiwar Allah?"

Muryar ta karye. "Na fita nemo musu abinci, na dawo na tarar an shafe ƙofata. 'Ya'yana bakwai suna ciki, Malam. Na goye ma yana ciki."

"Ku da kuke ratsa bango?"

"Tambayi matar can abin da take faɗa tana bugu! Ƙofar da aka rufe da sunan Allah wa ya isa ya buɗe ta? Sai hannun da ya rufe. Na ari hannun 'yarta ko jini zai yi, bai yi ba. In nawa suka mutu, tata ma ba za ta tashi ba."

Malam ya ce za a buɗe, amma da sharaɗin ta bar gidan har abada. Ta ce ina za ta da yara bakwai a wannan tsadar rayuwa? Ya ce akwai kukar da ke bakin rafi a hanyar Gammo. Ta ce kukar cike take da baƙi. Ya buɗe baki zai ci gaba da karatu, ta yi maza ta ce ta yarda, amma a kai mata tsofaffin duwatsun murhu can, don ita ba ta iya girki a wannan abin laka ba. Kuma a bar ramin a buɗe har la'asar ɗin gobe, ta kwashe kayanta.

"Gobe da safe duba-gari zai zo," in ji Furera. "Malam, da me zan ciyar da su?"

Numfashin yarinyar ya fara sarƙewa, leɓunanta sun bushe sun tsage, yatsunta suna ta motsi a kan daɓen ba ƙarfi.

Furera ta zabura ta fizgo fartanya daga bayan ƙyaure.

"Zulaiha!" ta ce, da ƙarfin da ya sa Gwaggo ta saki carbi. "Zulaiha, janye hannunki!"

Ta sara. Ta ƙara sarawa, tana kuka, daɓen yana tashi ɓawo-ɓawo, har bakin fartanyar ya zurma. Wata iska mai ɗumi, mai warin tsohuwar toka, ta fito ta kaɗa mata zane. Kukan ƙarƙashin ƙasa ya tsaya. Zulaiha ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce da muryarta ta kullum, "Umma, yunwa nake ji."

Da hantsi duba-gari ya yi sallama, biro a kunne. Zulaiha tana jingine da bango, yatsunta a naɗe da tsumma, uwar tana ba ta kunu a baki. Ya shiga madafin, ya yaba farin bango, ya ƙwanƙwasa kantar, ya gyaɗa wa murhun kai. Sai ya leƙa bayan randa. Ramin ya ninka na da sau uku.

"Hajiya, wannan fa?"

Gwaggo ce ta amsa daga kan tabarmarta, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Masu wurin ne suke tashi, ɗan nan. Matsa daga hanya, ka tsaya musu a kan kaya."