Kujerar Gwaggo Mai Fayil

Aikin da aka ba Mai Sito ba mai wuya ba ne. Bayan an tashi, ya hau bene na biyu ya kwashe kujerun waɗanda aka sallama, don kada sauran ma'aikata su zo da safe su ga gurabe gwiwarsu ta yi sanyi. Dabarar sabon manaja ce. Tun da aka fara yi wa kamfanin garambawul kowa ya koyi dariyar yaƙe, ko tari mutum zai yi sai ya waiga.

Abin da ba wanda ya sani, takardar sunayen ta kwana tara a aljihun Mai Sito. Ta goma sha bakwai a jerin ita ce Gwaggo mai fayil, aminiyar mahaifiyarsa, wadda ta kawo shi kamfanin da hannunta. Duk kwanakin nan tare suke cin abincin rana, yana kai loma yana kallon ƙasa. An ce wanda ya fasa ƙwai sunansa zai shiga takarda, shi kuwa 'ya'yansa huɗu. Da wannan yake rarrashin kansa, amma kunya ba ta jin rarrashi.

Dab da magariba ya gama da goma sha shida. Saura ta ɗakin fayil.

Ɗakin na warin tsohuwar takarda da man zafin da Gwaggo ke shafa wa gwiwarta. An kashe fanka, amma gefen wata takarda a kan tebur yana ta motsi. Ya kama kujerar ya ja.

Ta ƙi tashi.

Ya sake ja da hannu biyu. Kujerar roba ce, amma kamar an ɗora mata buhun siminti. Ya dafa mazaunin, ya ji ɗumi, irin na wanda ya tashi yanzun nan.

"Ina za ka kai ta?"

Raɗa ce, daga tsakanin kantocin fayil, inda ko kyanwa ba za ta iya ratsawa ba.

"Shekara ashirin da biyu tana yi mana sallama kullum da safe, tana ganin ɗaki ba kowa. Yau ba mu ji ta ba."

Abin da manaja ya ce a riƙa faɗa, shi ya zo masa.

"Ta... ta tafi hutu."

Takardar nan ta daina motsi.

Sai ya ji ƙarar cokali a kwano. Daga kan kujerar murya ta fito, tasa ce sak, har da 'yar dariyar da ya haɗa da ita ranar Talata, suna cin abincin rana da Gwaggo.

"Haba Gwaggo, ke wa zai taɓa ki? Kwantar da hankalinki."

Aljihun tebur ya buɗe da kansa, ya maimaita maganar. Wani ya buɗe. Wani kuma.

Ɗaki ya cika da muryarsa.

Ya nemi addu'a, ta ɓace masa. Ƙofa ta fara rufuwa a hankali. Ya yi tsalle ya cusa kafaɗa, rigarsa ta yage, wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyarsa.

Da rarrafe ya sauko daga benen.

Ya kwana uku yana zazzaɓi. Rana ta huɗu ya nufi gidan Gwaggo, ya ƙudurta zai faɗa mata komai ko ta tsine masa. Ya same ta tana ninke kayan jikokinta. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta yi ta tambayar mutanen ofis ɗaya bayan ɗaya.

"An ce kai kaɗai suka sa kwasar kujeru. Sannu, ɗana. Wasu har suna cewa wai ka san da maganar tun tuni. Na ce su rufe mini baki. Da ka sani ai da ka faɗa mini, ni na san ɗan da na kawo."

Mai Sito ya dubi kofin da ke hannunsa. Aljanun ɗakin fayil ma ba su tsorata shi kamar haka ba.

"Haka ne, Gwaggo," ya ce.