Ƙodar Rumaisa

Rumaisa ta zuba wa mahaifiyarta gahawa a falonsu na unguwar Ƙiblatain a Madina, sannan ta zauna a ƙasa.

"Ummi, sakamakon gwaji ya fito. Ƙodata ta dace da jikin Abdulsalam."

Hajiya Kaltuma ta ajiye finjalin. Abdulsalam mijin Rumaisa ne, Bazazzagi da ya zo Madina karatu ya zama malami. Shekara biyu ke nan yana wankin ƙoda sau uku a mako, ya rame har agogo na zamewa daga hannunsa.

"Ban yarda ba. Da ƙoda biyu na haife ki. Ba shi da dangi a Najeriya ne?"

"An gwada ƙannensa, Ummi, ba wanda ya dace."

Yayan Rumaisa, Walid, da ke zaune a gefe, ya fara da Larabci kafin ya juyo Hausa. "Kuma wai robot, mutum-mutumin ƙarfe, ne zai yanka ki a Riyad. Magana ta ƙare, ki dawo gida kawai. Ko haihuwa ba ki yi ba."

Da kuka Rumaisa ta koma gidanta. Ta ce wa mijin za ta sa hannu a takarda ko da ba izini, ya girgiza kai.

"Habibti, masoyiyata, ba zan ɗauki abin da Ummi ba ta sa wa albarka ba. Mu jira."

Wata bakwai suka jira. Duk Juma'a sai Abdulsalam ya lallaɓa ya je gaishe da surukarsa, bai taɓa tayar da zancen ba. Wata rana jiri ya kwashe shi a matakala, Hajiya da kanta ta tallafe shi. Ta ji ƙasusuwansa a tafin hannunta.

"Ku kai ni in ga ƙarfen nan da zai yanka 'yata da idona," ta ce daga baya.

A asibitin Riyad, likitan da ya tarbe su ya rusuna ya ce, "Sannu da hanya, Hajiya." Dakta Tahir ne, haifaffen Madina, jikan Katsinawan da suka zo hajji a ƙafa. Ya nuna mata na'urar mai hannuwa huɗu da kujerar da yake zama ya sarrafa ta.

"Ba ta motsi sai na motsa yatsuna. Maimakon doguwar yanka, 'yan ƙananan huji za mu yi, sai ƙaramar ƙofa da za a fito da ƙodar."

"To idan ta yi kuskure fa?"

"Ni za ki tuhuma, Hajiya, ba ita ba."

Ta dubi hannuwansa, ta dubi 'yarta. "Bismillah. Allah Ya yi miki albarka."

A shekarar 2008 aka yi aikin. Bayan kwana uku Rumaisa ta miƙe tana takawa. Walid ne ya tura Abdulsalam a keken marasa lafiya zuwa ɗakinta, kansa a sunkuye, ya ce, "Ku yafe mini."

Bayan shekara biyu ta haifi 'ya mace. Ranar suna Hajiya Kaltuma ta riƙe hannun Rumaisa a gaban mata ta ce, "Wannan 'yata ce. Ta ba mijinta ƙoda, kuma ba ta tsallake maganata ba."

Soyayyar da ta iya jiran albarkar iyaye ba ta taɓewa.